Motar Ɗan Fari

Gaya,
ranar Asabar, bayan cire gyaɗa.

Zuwa ga bawana Da'u, dillalin motoci a Legas.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da mutanen gidanka, da fatan Zulfa da yara kowa lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Uwargidana Hansai ta yi fama da zazzaɓi, amma ta miƙe, har ta koma faɗan da ta saba. Gyaɗa ta yi kyau bana, ta ƙauyen Balan ma ta fi ta bara cika, injina ba su huta ba tun da aka fara kawo sabuwa.

Na san za ka ga takarda ka yi dariya, ka ce Badaru ya sayar da wayarsa. Wayata tana nan, kuma ta fi taka. Maganar ce ba ta baki ba. Na ɗauki wayar zan kira ka ba sau ɗaya ba, sai harshe ya ƙi. Takarda kuwa ba ta da ido. Shi ya sa na ba Ɗantani, direban da ke kai mini tunkuza Legas, na ce ya sa a hannunka. Kada ka ba kowa ya karanta maka.

Maganar yaronka ce, na Ajingi. Ka san ba zan rubuta sunan ba, ɗan fari ne, kuma ka san wanda nake nufi, tunda kai da Zulfa aka miƙa wa shi ranar yaye, ku kuka riƙe shi har kuka tashi daga Ajingi. Karimatu ƙanwarsa ta je masa ziyara, ta dawo mini da labarin da ya hana ni cin tuwo. Wai wata babbar gonar shanu a Gembu, can bisa dutsen Mambila, tana neman likitan dabbobi, sun neme shi, kuma ransa ya kwanta da tafiyar. Ba tafiyar ce ta dame ni ba, namiji ai da tafiya aka san shi. Abin da ya faɗa mata ne. Ta ce masa, “Yaya, Alhaji fa?” Sai ya ce, “Alhaji ba zai lura ba sai an gaya masa.”

Da'u, ni ne ba zan lura ba? Ni da nake tsayar da mota a bayan kara ranar kasuwar Ajingi, in zauna a ciki ina hango shi yana buɗe bakin shanu, in juyo ban fito ba? Ranar da ya gama jami'a sa na yanka, na ce wa mutane murnar sabon inji nake. To me zan yi? Haka muka taras. Mahaifinmu bai taɓa kiran yayanmu Datti da suna ba har ya koma ga Allah, bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, kuma Datti bai taɓa cewa ba a son sa ba. 'Ya'yan yanzu kuwa sai an yi musu shela da lasifika, kamar mai tallar maganin basir.

To ni bakina ba zai iya ba, amma aljihuna zai iya. Mota zan saya masa. Karimatu ta ce akwai wata 'yar mota mai ƙofa huɗu, mai gudun tsiya, wadda samari ke kira Barewa, in ta wuce a titi yakan bi ta da ido har ta ɓace. An ce suna ɗaya ne amma daraja hawa-hawa. Ka rubuto mini bambancinsu dalla-dalla, ka haɗo da hotuna. Kada ka yi mini Turancin dillalai. A aji uku na bar sakandare na kama tallar mai a kwalba a tashar Gaya, kuma ka ga inda kwalbar ta kawo ni. Wadda ta fi duka nake so. In ya gan ta a ƙofarsa zai san an lura, wataƙila ya fasa wannan tafiya.

Ga man gyaɗa nan da ƙuli-ƙuli, kada ka ce ubangidanka ya manta da kai. Ka gaida Zulfa.

Naka,
Alhaji Badaru Mai Inji.

* * *

Legas,
ranar Alhamis.

Zuwa ga Badaru, wanda ya naɗa kansa ubangidana.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takarda ta iso, mai ya iso. Ƙuli-ƙulin kuwa Ɗantani ya ce ɓeraye sun yi masa ɓarna a hanya, amma na ga ɓeran da gemu. Muna lafiya, sai zafi da cunkoso. Zulfa tana yi wa Hansai sannu da jiki. Don kakanka namiji ne, kakata kuma ƙanwarsa, shi ke nan har mu tsufa ina cikin bauta? To bawa ya karanta, ya yi dariya, da ya kai tsakiya ya daina.

Ni ba a ɗora mini kunyarsa ba, don haka zan rubuta: Auwalu. Muhammadu Auwalu. In idonka ba zai ɗauka ba ka tsallake layin.

Barewa uku ce, uwa ɗaya uba ɗaya, jiki ɗaya, hali daban. Ga hotuna nan.

Farar ita ce ta ƙasa a kuɗi. Kujerar yadi, giya otomatik, inji mai haƙuri wanda ba ya shan mai, ko na 'yan bumburutu aka zuba masa ba ya fushi. Tayarta mai kauri ce, cikinta ya ɗan ɗaga daga ƙasa, in ta faɗa rami takan fito ba ta koka ba. Kowane bakanike a Gaya zai buɗe ta ya rufe. Ba ta da ado, amma ba ta kwana a hanya.

Jar ita ake kira Sipot. Wannan ba mota ba ce, fitina ce. An sa wa injinta tobo, wato wani abu da ke hura masa iska ƙarfinsa ya ƙaru. Giyar hannu ce har shida, da kuloci, sai wanda ya iya. An sauke ta ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare, taya siririya a kan baƙin rim, salansa biyu, ɗan fiffike a kan murfin but na baya, kujerun kuma suna riƙe maka haƙarƙari, an ɗinke su da jan zare. A kan kwalta mai kyau babu mai ganin ƙeyarta sai daga nesa. Amma tauri gare ta, in ta taka tsakuwa sai ka ji a ƙugunka, in ta faɗa rami ta bar bamba a can.

Baƙar ita ce ful ofshin, wato wadda aka haɗa wa komai, ta fi duka tsada. Kujerar fata, rufin gilashi mai buɗewa, allo kamar talabijin, kamara a baya don ribas, sanyin esi har kujerar baya. In ka rufe ƙofa ba ka jin duniya. Ita ma otomatik ce, mai laushi. Motar wanda ya ƙoshi ce, mai tumbi, irin wani da na sani a Gaya.

In shawarata kake so, ka ɗauki farar. Na san Auwalu, ba mai son a kalle shi ba ne. Yana yaro in aikin wuyan rigar Sallah ya yi yawa sai ya ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Aikinsa kuma rugage ne da ƙauyuka. Sannan in tafiyar ta tabbata, hanyar Gembu hawa ce da ramuka. Farar ce kaɗai a cikinsu za ta yi ƙoƙari, jar kuwa ko gindin dutsen ba za ta kai da cikinta ba.

Amma ga shawarar da ta fi wannan. Ka ɗauki hotunan nan ka je Ajingi ka tambaye shi da bakinka. Mota ba ta magana, Badaru, ko lasifika nawa aka sa mata.

Ka gaida Hansai da Karimatu da Usaini. Ka huta lafiya.

Wanda bai yarda da bautar ba,
Da'u.

* * *

Gaya,
ranar Talata.

Da'u,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai wani bel da ya tsinke a ƙaramin inji, an gyara.

Na karanta inda ka ce in ɗauki ta ƙasa. Na goge tabarau na sake karantawa ko idona ne. Wa ya gaya maka na karye? Ko wani ya zo Legas ya ce gyaɗa ta ci Badaru? Ni in aika Ajingi da mai kujerar yadi, mutanen Gaya su ce Alhaji ya karkaɗe gindin buhu ya ba wancan? Kuma ka dubi dalilinka, wai ita ce za ta hau dutse. Ba don ya hau dutse zan saya ba, don kada ya hau ne. Ina neman motar zama, kai kana zaɓa masa ta tafiya.

Batun in je in zauna gabansa da hotuna kamar mai tallar atamfa, lallai ka daɗe a Legas, ruwan teku ya wanke maka ido. Tun da aka haife shi ban taɓa zama da shi tabarma ɗaya ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa ina kallon gefe, ya tashi. Yau rana tsaka in je in ce wacce kake so? Ko shi sai ya ɗauka na kamu da wani ciwo.

Amma kada ka damu, na samo dabara, kai da kake ganin aji uku ba karatu ba ne. Na kira Usaini, autana, wanda ba shi da aiki sai kallon motoci a waya. Na zaunar da shi a ofis na baje hotunan na ce, “In kai ne, wacce za ka ɗauka?” Ban ce ta wane ce ba, ta yaya zan faɗa? Kafin in rufe baki ya wawuri jar. Ya ce, “Baba, sauran biyun ai na 'yan fansho ne!” Ya yi ta zuba, tobo, tobo, har ya kwaikwayi kukan salansa da bakinsa, leburori suna leƙe. Ya ɗauki hoton hoton da wayarsa, ya rungume ni ya fita da gudu. Yaron nan akwai son mota. Na ce jini ɗaya ne, abin da ƙane ya so wa ma ba zai ƙi ba.

Sai dai ni raina yana kan baƙar, don ita ce ƙarshe, kuma ni ba na tsayawa a tsakiya. Ka amsa mini waɗannan. Rufin gilashin nan, in ruwan Agusta ya sauko ba ya yoyo? Kuma wane mai hankali ne zai buɗe kansa ga ranar Gaya? Kujerar fata in ta sha rana ba ta gasa mutum? Jar kuma, ba za a iya cire mata kujeru a sa na baƙar ba, a ɗora mata allon, ta zama ta haɗa gudu da girma? In kuɗi ne kada ka ji komai.

Ka riƙe mini biyun tukuna, kada ka sayar wa wani. Farar kuwa ka ba wanda ya karye.

Ubangidanka ko ka ƙi,
Badaru.

* * *

Gaya,
ranar Juma'a da yamma.

Da'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Ɗantani ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ya ce ka karɓi takarda ka sa a aljihu kawai. Na kira wayarka ba ka ɗauka. In maganar karyewa ce ta ɓata maka rai, ai wasa ne irin namu. Jikinmu lafiya, amma gidan ba lafiya.

Usaini ya ɗora hoton jar motar a waya, duniya ta gani, ya rubuta a ƙasa wai Alhaji ya gama magana. Ni ban san an yi ba. Sai na ga a masallaci ana miƙo mini hannu, Allah ya sanya alheri, auta ya yi goshi. Har ƙauyen Gafasa labari ya kai, wani mai kawo mini gyaɗa daga can ya ce Usaini ya yi masa alkawarin ɗani. Na rasa bakin musu. In na ce ba tasa ba ce za a ce to ta wa, kuma ka san abin da ba zan iya faɗa a gaban mutane ba.

Yau bayan an sauko daga masallaci yaronka ya zo. Ya durƙusa inda ya saba, ya gaishe ni. Sai ya ce, “Alhaji, na ga motar Usaini. Allah ya sa alheri, ya tsare shi a kanta.” Muryarsa lafiya lau, ko rawa ba ta yi ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Sannan ya ce ya amsa wa mutanen Gembu, da zarar an gama rigakafin shanu na bana zai tafi, ya zo ne ya sanar da ni.

Da'u, na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Maganar tana nan a maƙogwaro, cewa taka ce, ba ta Usaini ba. Ka san abin da ya fito? “Allah ya kiyaye hanya.” Ya ce amin, ya tashi ya sa takalminsa.

Hansai tana bayan labule ta ji komai. Ita ma ɗan farinta ne, ba ta iya fitowa ba. Da ya tafi ta zo ta tsaya a kaina ta ce, “Mai dabara, sannu da aiki.” Abinci ma ba ta ci ba.

Na gina inji biyu daga kwalba ɗaya, ban taɓa roƙon kowa ba. Yau ina roƙonka. Ka kira shi ka gaya masa, kai yana jin maganarka. Ka ɗoro kowacce ka ga dama, ko farar ce.

Badaru.

* * *

Legas,
ranar Laraba.

Ɗan'uwana Badaru,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni amsa ba, haushi ne. Na ce in na rubuta a lokacin, takardar za ta ƙona hannun Ɗantani. Kuma ban ce ka karye ba, kai ka karanto haka, domin kai ko sannu aka yi maka sai ka duba ko an raina aljihunka.

Auwalu ya kira ni tun kafin takardarka ta ƙarshe ta zo. Ka san abin da ya ce? Ya ce, “Baba, na ji kai za ka kawo wa Usaini mota. Don Allah ka duba burki da kyau, yaron yana da ganganci.” Shi ke nan. Bai yi ƙorafi ba, bai ce ni fa ba. Zulfa tana gefe tana ji, ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Saura ƙiris in gaya masa, na danne. Kuma yanzu da ka roƙa ma ba zan gaya masa ba. In daga bakina ya ji, zai ce Baba Da'u ne ya tausaya masa ya gyara zance. Ya sha jin alheri daga bakina, ba nawa yake nema ba.

Ka kawo mini misalin Datti. Datti a gida ɗaya ya tashi da mahaifinku. Yana gani da idonsa wa ake ajiye wa gonar da ta fi kyau, wa tsoho yake tsayawa a zaure yana jira in dare ya yi bai dawo ba. Ba a faɗa masa ba, amma ya gani. Auwalu a Ajingi ya tashi. Bijimin da ka yanka ba a ce nasa ba ne, zaman da kake yi a mota bai san da shi ba. Kunyar mutanen da tana da taga, taka kuwa ka toshe ta da siminti, sannan kana mamakin yaro bai hango komai ba. Abin da yake gani shi ne Usaini a cinyarka tun yana ƙarami, yanzu kuma Usaini a jar mota.

Ban ce ka kira sunansa ba. Ban ce ka rungume shi kamar a fim ba. Ka je, ka zauna, ka tambaya. Wanda ya iya tsayawa gaban manajan banki da takardar aji uku ya fito da inji, ba zai kasa tsallake bakin ƙofar ɗansa ba.

Tambayoyinka kuma: rufin ba ya yoyo in ana share magudanarsa, fata tana gasa mutum ƙwarai, kuma ba a yi wa mota dashen kujera, ba riga ba ce da za a kai wa tela. Kowacce da abin da aka yi ta dominsa. Duka ukun suna nan na rufe su da tamfol. Ba wadda zan ɗora a tirela sai Auwalu da kansa ya kira ni ya faɗi launi.

In ka je ka taras tafiyar ba fashi, ka ba shi farar, ka bar girman kai a Gaya. Gara ya tafi a motar ubansa ya san ta ubansa ce.

Ka ce wa Hansai ta ci abinci. Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa.

Naka har kullum,
Da'u.

* * *

Gaya,
ranar Litinin.

Zuwa ga Da'u, bawan da ya fi ƙarfin ubangidansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa gare ka da Zulfa, ka ce mata ta share hawaye. Muna lafiya. Hansai ta ci tuwo har da ƙari.

Da Usaini na fara. Na kira shi na ce motar ba tasa ba ce, ta yayansa ce. Ya ce, “Baba, duk garin nan fa sun sani!” Na ce, “Kai ka sanar da su, sai ka koma ka warware. Kai ka sha cinya, ka sha hira, ka sha kwano ɗaya da ni tun kana rarrafe. Bar masa ƙarfe.” Ya kumbura kamar fanke, ya ƙi cin abincin rana. Da yamma sai ga shi ya dawo yana tambaya ko Yaya zai riƙa ba shi ɗani. Na ce wannan tsakaninku.

Jiya bayan la'asar na tafi Ajingi ni kaɗai, ban ɗauki direba ba. Na same shi a gidan da yake haya bayan ofishin dabbobi, yana ɗaure littattafai a kwali. Da ya gan ni a ƙofa sai da igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, “Alhaji, lafiya? Wani abu ya sami Hajiya?” Ka ji fa, ganina a ƙofarsa sai mutuwa ta faɗo masa a rai. Na ce lafiya, a ba ni tabarma. Ya shimfiɗa, ya koma can jikin bango ya durƙusa. Na ce ya matso, ba ni da muryar shela. Ya matso kaɗan. Na ce ya ƙara.

Na fito da hotunan na jera a tabarma, na ce, “Zaɓi.”

Ya ce, “Ai Usaini ya riga ya zaɓa, Alhaji.”

Na ce, “Usaini ba shi da mota. Na tambaye shi ne don shi nake iya tambaya.”

Ni ina kallon kwalayen, shi yana kallon ƙasa. Sannan na sa yatsa na tura farar gabansa. Da'u, tura hoton nan ya fi mini ɗaukar buhun gyaɗa nauyi. Na ce, “Bawan nan na Legas ya ce wannan ce mai hawa dutse. In tafiyar ce, ɗauki wannan. Ba na so ka kwana a hanya.”

Ya daɗe yana kallonta. Ya goge ido da bayan hannu, na yi kamar ban gani ba. Sai ya mayar da ita layi a hankali, ya ɗora yatsa a kan jar.

Na ce, “Wannan fitinar?”

Sai bakin yaronka ya buɗe. Ashe haka yake da magana? Ya ce otomatik motar malalata ce, ita ke tuƙa mutum. Ya ce a tsohuwar akori-kurarka ya koyi giyar hannu a filin ƙwallon Ajingi, kana zaginsa yana kashe ta. Ya bayyana mini tobo, ya zana mini shi da yatsa a kan tabarma, ya ce kujerun an yi su haka ne don kada kwana ta watsar da mutum. Ya ce baƙar nauyin kayan ado ya cinye mata ƙarfi, kamar amaryar da aka yi wa lodin gwala-gwalai. Ban fahimci rabin abin da ya faɗa ba, kuma ban tsayar da shi ba. Maganar da na ji daga bakinsa jiya ta fi duk wadda na ji tun haihuwarsa in an haɗa. Ashe in ya yi dariya gwiwarsa yake duka, kamar ni. Kai da ka riƙe shi ba ka taɓa gaya mini ba.

Da ya lafa na ce, “Wannan za ta hau Gembu?”

Ya ce, “Ba za ta hau ba, Alhaji.”

Na ce, “Ka san haka ka zaɓe ta?”

Ya ce, “Na sani.”

Na ce rugagen nan fa, ya ce babur yana nan. Na ce mutanen da ka amsa wa fa, ya ce zai kira su ya ba su haƙuri, akwai abokin karatunsa da ke neman irin aikin, zai haɗa su. Ni dai sai na ce a ba ni ruwa. Ƙurar kwalayen ce.

To ka gani. Kai mai riƙo ka ce fara, ni mai haihuwa na ce baƙa, duk mun faɗi. Sakaran yaron nan Usaini shi ya canka. Kada ka ƙara yi mini taƙamar ka san shi. Zai kira ka yau ya faɗi launi da bakinsa. Ka duba burki da kyau, wannan karon ni na ce.

Saura matsala ɗaya, ita ta sa na zauna rubutu tun hantsi. Da ya rako ni mota, ya ce in tirela ta sauke ta a Kano shi zai je ya tuƙo ta, kuma in Alhaji ba shi da uzuri, mu je tare. Na ce zan duba. Da'u, na duba, ba ni da uzuri ko ɗaya. Ya ce bayanta matsattse ne ga mai jiki irina, dole gaba zan zauna. Daga Kano mu bi ta Wudil har Gaya, kafaɗa da kafaɗa, ba labule, ba ɗan aike, ba hoto da za mu kalla. Ka ce motar tana da gudu, to ni yanzu ban san abin da zan ce masa ba, ya taka ko ya sassauta.

Ka ɗoro motar, ka haɗo da takarda a hannun Ɗantani. Kai ka saba, ka rubuto mini dalla-dalla yadda ka yi na motocin: me ake ce wa yaron a hanya?

Allah ya bar zumunci. Ka huta lafiya.

Naka,
Badaru.